Neman Muryar Rubutu Daga Guangzhou Zuwa Xi'an

Duk wanda ya yi karatun boko, ko ya zauna gaban allo yana ƙarami, ya saba da wata ni'ima da ba ya ma lura da ita. Idan ya ga kalma a rubuce zai iya furta ta, ko da bai san abin da take nufi ba. Ka kai Bahaushe Istambul ko Jakarta, zai haɗa baƙi da wasali ya karanta sunan titi, ya kusa daidai, har direba ya gane inda za shi. A ƙasar Sin wannan ni'imar ba ta bin mutum. Harafin Sinanci ba baƙi ba ne, ba wasali ba ne. Gaɓa ce sukutum, da sautinta da ma'anarta dunƙule a zane ɗaya, kuma zanen ba ya gaya maka yadda ake kiransa. Ko dai an taɓa koya maka, ko ka yi shiru.

Wani yayana na bi, Alhaji, mai harkar yadi a Kantin Kwari, wanda ya daɗe yana zuwa Guangzhou saro kaya. Daga Kano muka tashi, muka sauya jirgi a Addis Ababa, muka sauka a filin jirgin Baiyun. A filin jirgi da manyan tituna baƙo ba ya shan wuya, domin akan sa Turanci ko haruffan boko a ƙarƙashin Sinancin. Sai an ratse daga babban titi ake sanin an zo ƙasar mutane. Takardar abinci, rasit, kwalin magani, sanarwar da aka manna a ƙofar masauki, sunan da ke jikin katin ɗan kasuwa, duk babu mai taimakonka a kansu.

Alhaji yana da hanyarsa, kuma ta fisshe shi shekara da shekaru. Kalkuleta ce, sai tafinta idan magana ta yi tsawo. "Malam, ai ciniki lamba ce," in ji shi. "Ya danna, in danna, mu haɗu a tsakiya." A 'yan shekarun nan ya ƙara da manhajar fassara, wadda ake haska mata rubutu da kyamarar waya, ta shafe Sinancin ta ɗora Turanci a gurbinsa. Ban raina wannan ba, ta sha fitar da mu kunya. Amma akwai abin da na lura da shi tun a kwanakin farko. Fassara tana gaya maka abin da allo yake nufi, sa'an nan ta bar ka yadda ta same ka, bakinka a rufe. Ka san wurin nan tashar mota ce, amma ba za ka iya kiran sunanta ga mutumin da ke tsaye kusa da kai ba. Ni abin da na fi buƙata shi ne sauti, domin da sauti ake tambaya, da shi ake gaisuwa, da shi kuma ake gane abin da aka ce maka.

Saboda haka na jingina da ƙamus na waya. Wanda ɗaliban Sinanci suka fi ambata shi ne Pleco, da wani Ba'amurke mai suna Michael Love ya fara a shekarar 2000, tun zamanin ƙananan na'urorin hannu na Palm. Babban amfaninsa ga matafiyi shi ne yana aiki ba tare da intanet ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da shafukan Google ba sa buɗewa, har ma kamfanin ya janye manhajarsa ta fassara daga can a 2022. Hanya uku ce ake kama harafi da ita. Ko ka haska shi da kyamara, ko ka zana shi da yatsa a fuskar waya ta jero maka waɗanda suka yi kama da shi ka zaɓa, ko ka bi ta jigon harafin. Da ka same shi sai ta nuna maka furucinsa da haruffan boko, waɗanda ake kira pinyin, kowace gaɓa da launin karin sautinta: ja, kore, shuɗi, shunayya. Ka taɓa ɗan hoton lasifika, murya ta faɗa maka.

Sai wanda ya san yadda ake yi a da zai gane girman sauƙin nan. Ƙamus ɗin Kangxi, wanda aka kammala a 1716 bisa umarnin sarkin da ake kiransa da sunansa, ya tara haruffa kimanin 47,000, ya kasa su ƙarƙashin jigogi 214. Mai neman harafin da bai san sautinsa ba sai ya fara gano wane ɓangare ne jigonsa, ya ƙirga ragowar jan alƙalamin da ke ciki, ya je jadawali ya bi layi har ya gan shi, kafin a ba shi lambar shafi. In ya kuskure jigo, ko ya yi ƙirgen ba daidai ba, sai ya sake daga farko. Haka baƙi suka yi ta fama har zuwa 'yan shekarun baya. Yau mutum yana tsaye a bakin titi, cikin ƙiftawar ido ya gama.

Gwajin farko a kan abinci ya faɗo, kamar yadda ya kan faɗo wa kowane Musulmi. Mun sauka a Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka suka daɗe suna taruwa, ko da yake Alhaji ya ce cunkoson bai kai na shekarun baya ba. A kan ƙofar gidajen abinci da dama akwai koren allo da haruffa biyu, 清真. Alhaji ya san siffarsu, yana gane su daga nesa, ya ce alamar halal ke nan. Na zana na farkon da yatsa, ɗigo uku a hagu, sauran a dama. Waya ta ce qingzhen, ana furta shi kusa da "cing-jan", duka gaɓoɓin biyu da murya a sama, a miƙe. Na maimaita a hanya har muka shiga wani ƙaramin shagon taliya. Na dubi saurayin da ke jan ƙullu da hannu biyu, da farar hula a kansa, na ce, "Qingzhen ma?" Ya ɗago kai ya dube ni, ya yi sallama da Larabci, ya nuna mana kujera da haɓa, hannunsa bai daina jan taliyar ba.

A wuraren da babu koren allo ne sanin sauti ya fi amfani. Harafin nama, 肉, ana kiransa rou. Idan aka rubuta shi shi kaɗai a takardar abinci, ba a ce na sa ko na rago ko na kaza ba, to galibi naman alade ake nufi, alhali manhajar fassara "nama" kawai za ta ce maka, kuma ba ƙarya ta yi ba. Alade zhu ne, kitsensa da ake girki da shi zhuyou. Wanda ya riƙe waɗannan gaɓoɓi a bakinsa zai iya tambayar mai dafa abinci ido da ido. Wanda bai riƙe ba sai ya dogara da abin da waya ta ga dama ta nuna masa.

Da na yi ta duba haruffa, sai ido ya fara kama wani tsari. Kusan kashi 80 cikin 100 na haruffan nan gida biyu ne, ɓangare ɗaya yana ishara ga ma'ana, ɗayan ga sauti. Ɓangaren dama na harafin farko a allon halal, wato 青, shi ma qing ne. Ka sa masa ɗigon ruwa a hagu ya zama tsabta, ka sa masa alamar magana ya zama "don Allah", ka sa masa rana ya zama sararin sama da ya washe, ka sa masa zuciya ya zama abin da ke cikin rai, kuma duk qing ake ce musu, sai dai karin sauti ya bambanta. A kasuwar yadi ta Zhongda na ga wani harafi yana ta maimaituwa a kan takardun farashi, 码. A damansa akwai harafin doki, ma. Na ce a raina wannan ma ne, na duba, ma ɗin ne kuwa, kuma shi ne yadi na awo. Wannan ranar na ji daɗi ƙwarai. Sai dai ishara ce kawai, ba doka ba. Sauti ya sauya cikin shekaru dubbai, rubutu bai bi shi ba, don haka wani lokaci ishara ta kai ka gida, wani lokaci ta sauke ka a hanya.

Shi kansa pinyin yana da tarkonsa ga wanda ya saba da boko irin namu. Harafin q kusa yake da namu c. Harafin x kusa da sh. Zh kusa da j. C kuwa wani abu ne mai kama da ts, amma da iska a bayansa maimakon matsewar maƙogwaro irin tamu. Wanda ya karanta pinyin da ƙa'idar Hausa ko ta Turanci zai faɗi abin da babu wanda zai gane. Shi ya sa ɗan hoton lasifikar nan ya fi rubutun daraja a wurina. Kunne ya kamata ya riga ido.

Kuma a nan ne Bahaushe yake da jarin da bai san yana da shi ba. Turawa suna kuka da karin sautin Sinanci domin harshensu ba ya bambanta kalmomi da hawa da saukar murya. Namu yana yi, rubutunmu ne kawai ba ya nunawa. Daidaitaccen Sinanci yana da kari huɗu: na sama a miƙe, mai hawa, mai nutsewa ƙasa, da mai faɗowa. Kalmomi biyu da ɗan kasuwa ya fi buƙata, saye da sayarwa, duka mai ne. Na saurari muryar waya sau da yawa kafin abin ya faɗo mini. Mai na sayarwa faɗowa yake yi daga sama, daidai da yadda muke cewa mai idan muna nufin na girki ko na mota. Mai na saye kuwa, a tsakiyar magana, ƙasa yake kwanciya, kamar mai ɗin da ke cikin mai gida. Da na gaya wa Alhaji haka, take ya furta su duka biyu, wata mata mai shago ta gyaɗa kai ta ɗaga masa babban yatsa. Mai hawan ne kawai babu irinsa a Hausa, shi ke buƙatar horo.

Ba don ƙawa ake kula da karin nan ba, kuɗi ne a ciki. Huɗu si ne mai faɗowa, goma shi ne mai hawa. Mutanen kudu da yawa ba sa bambanta s da sh idan suna daidaitaccen Sinanci, sai duka biyun su fito si. Sha huɗu da arba'in kuwa waɗannan gaɓoɓin biyu ne aka juya, goma-huɗu da huɗu-goma. Idan mai kaya ya faɗi kuɗin yadi ɗaya, abin da ya raba 14 da 40 a kunnenka shi ne wace gaɓa ta hau, wace ta faɗo. Dalilin Alhaji na riƙe kalkuleta ke nan, kuma yana da gaskiya. Amma kalkuleta ba ta jin abin da mai shago yake gaya wa yaronsa a gefe.

Sai rasit. A takardun kuɗi Sinawa ba sa rubuta lamba da sauƙaƙƙun haruffan yau da kullum, domin ɗaya layi guda ne a kwance, biyu layi biyu, ana iya ƙara musu layi a sauya adadi. Suna da wasu haruffa masu sarƙaƙiya na musamman don wannan aiki. Na zauna a masauki da daddare da rasit ɗin Alhaji ina bin su ɗaya bayan ɗaya. A gurbin shida na ga 陆. Ƙamus ya ba ni karatu biyu, lu idan ana nufin tudu ko sandararriyar ƙasa, liu idan lamba ce. Wannan ne karona na farko da haruffa masu baki biyu, kuma suna da yawa. Harafin da ake karantawa xing, wanda mai shago ke faɗa idan ya sallama, shi ne hang a cikin kalmar banki. Wanda ke cikin kalmar dogon bene, sha, shi ne xia a sunan birnin Xiamen. Dabarar da na koya ita ce kada a duba harafi shi kaɗai. A haɗa shi da maƙwabcinsa a duba kalmar gaba ɗaya, domin maƙwabcin ne ke yanke hukunci.

Sunayen wurare su suka fi taurin kai. Akwai gundumar da ke kudancin birnin, 番禺. Wata manhaja da ke karanta harafi ɗaya-ɗaya ta ba ni fan a gaɓar farko, domin haka ake kiran harafin kusan ko'ina, har a sunan tumatir. Mutanen gari kuwa Panyu suke cewa, haka kuma yake a allunan tasha. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ban ga wayar da ta soke wannan ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan girma. Muryar da ke cikin waya ta daidaitaccen Sinanci ce, wanda aka gina a kan lafazin Beijing. Guangzhou kuwa gidan harshen Kanton ne. A jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, layi na 5, ana sanar da kowace tasha da harshe uku, daidaitaccen Sinanci, da na Kanton, da Turanci. Haruffa biyun da ke jikin allon tasharmu ba su sauya ba, amma murya ta farko ta ce Xiaobei, ta biyu ta ce Siu Bak. Rubutu ɗaya, baki daban. A nan na fahimci dalilin da ya sa Sinawa ba su yar da haruffansu sun koma boko ba, duk da wahalarsu. Mutumin Kanton da na Beijing ba lalle su fahimci maganar juna ba, amma jarida ɗaya suke karantawa. Abin da ya hana harafi faɗin sautinsa shi ne ya ba shi damar zama na kowa. Ana iya saita ƙamus ya nuna furucin Kanton ma, da tsarin rubutun da ake kira Jyutping, wanda masana harshe na Hong Kong suka fitar a 1993. Ni dai gaisuwa da godiya kawai na ɗauka daga ciki, don tsofaffin da ke sayar da lemo a lungunmu.

Ranar Juma'a muka bi ta masallacin Huaisheng, mai tsohuwar hasumiya kewayayya da ta kai kimanin mita 36. Musulmin birnin suna danganta kafa shi ga sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, har akwai kabarin da suke cewa nasa ne a wani masallacin, ko da yake littattafan tarihin Musulunci sun ce a Madina aka binne shi. Daga nan sha'awar ganin wani tsohon masallacin, na birnin Xi'an, ta kama ni. Kayan Alhaji ba su gama haɗuwa ba, shi dole ya zauna, sai na tafi ni kaɗai.

Daga tashar Guangzhou ta Kudu, wadda ke cikin Panyu ɗin nan, jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa ya ɗauke mu arewa, ta Changsha da Wuhan da Zhengzhou, tafiyar kusan awa takwas. A kujerar da ke kusa da ni wata mata ce da ɗanta, bai fi shekara shida ko bakwai ba, yana riƙe da littafin labari. A saman kowane harafi an buga ƙananan haruffan boko. Yaron yana bin su da yatsa yana motsa baki. Na nuna masa fuskar wayata, ya ga irin abin da ke littafinsa, ya yi dariya ya karanta mini da ƙarfi. Ashe tsani ɗaya muke hawa ni da shi. Yaran Sin da pinyin suke fara makaranta, da shi suke kama sautin haruffa har su haddace su, kuma idan sun girma da shi mafi yawansu suke rubutu a waya da kwamfuta, su buga sauti na'ura ta kawo musu harafi.

Wato matsalar da ta dame ni ba ta baƙo kaɗai ba ce, su ma masu harshen sun daɗe da ita. Fiye da shekara dubu suna amfani da wata dabara mai suna fanqie. Idan za a nuna furucin harafi sai a kawo wasu haruffa biyu, a ɗauki farkon na ɗaya a haɗa da ƙarshen na biyu. Don a nuna dong, gabas, sai a rubuta de da hong. Littafin Qieyun na shekarar 601 haka ya bi. Dabara ce mai kyau, amma sai wanda ya riga ya san haruffa da yawa take yi wa amfani. A 1918 aka ƙaddamar da wasu alamomin sauti da ake kira zhuyin, waɗanda har yau ake koyarwa a Taiwan. Pinyin kuwa a ranar 11 ga Fabrairun 1958 aka amince da shi, bayan aikin wani kwamiti da Zhou Youguang ya yi fice a cikinsa. Mutumin masanin tattalin arziki ne, ya taɓa aikin banki a New York, aka janyo shi cikin harkar harshe. A 1982 tsarin ya zama ma'aunin duniya na rubuta Sinanci da boko. Zhou ya rasu a Janairun 2017 yana da shekara 111. Duk manhajar da ke gaya wa baƙo yadda ake kiran harafi, a kan aikin mutanen nan take tsaye. Ita sauri kawai ta ƙara.

Xi'an tsohuwar fadar sarakuna ce, da ganuwarta a tsaye har yau. Bayan Hasumiyar Ganga akwai unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui, lunguna cike da hayaƙin tsire da ƙamshin romon rago da ake marmasa gurasa a ciki. A can na ga wani harafi a kan ƙofar masu taliya, babba, cunkushe, kamar an tara haruffa goma a ɗaki ɗaya. Na haska masa wata manhaja, ta kawo abin da ba shi ba. Na fara zana shi, fuskar waya ta cika ban kai rabi ba. Mai shagon ya ga abin da nake yi, ya ɗauki ƙullu ya ja shi ya maka a kan tebur sau biyu, ya ce, "Biang, biang." Sunan taliyar ke nan, kuma mutanen garin suna cewa daga ƙarar bugun aka samo shi. A tsohuwar siffarsa harafin yana da jan alƙalami 58. Gaɓar ma babu ita a daidaitaccen Sinanci, ta yankin ce, kuma sai a 2020 aka shigar da harafin cikin jerin haruffan kwamfuta na duniya. Gwamnati ta fitar da jerin haruffa 8,105 na amfanin yau da kullum a 2013, da 3,500 a matakin farko, kuma wannan ba ya ciki. Taliyar faffaɗa ce kamar ɗamara, da barkono da tafasasshen mai a kai, na rago na ci.

Babban masallacin Xi'an yana lungun Huajue. Ana cewa a shekarar 742 aka kafa shi, ko da yake ginin da ake gani yanzu na zamunan baya ne. Da katako aka yi shi, rufinsa irin na Sinawa, tsakar gida bayan tsakar gida, kuma a bangon ɗakin salla an sassaƙa Alƙur'ani a kan alluna. Bayan la'asar na zauna kusa da wani dattijo, baƙo shi ma, daga Linxia ta lardin Gansu. Da ɗan Larabcinsa da ɗan nawa muka gaisa. A hannunsa akwai wani tsohon littafi na koyon ibada. Na leƙa, na ga rubutun Larabci da cikakken wasali, na fara karantawa a zuci, sai na ji ba Larabci ba ne. Ya lura, ya sa yatsa a layi ya karanta mini. Sinanci ne.

Jikina ya yi sanyi, domin na san wannan abin tun ina yaro. Ajami ne. Su suna kiransa Xiao'erjing. Musulmin arewa maso yammacin Sin, waɗanda da yawansu suka iya karatun Alƙur'ani amma ba su yi makarantar haruffan Sinanci ba, sun ɗauki baƙaƙen Larabci suka rubuta harshensu da su, ɗaruruwan shekaru kafin pinyin. A wani masallacin Xi'an ɗin, na lungun Daxuexi, akwai allon dutse na shekarar 740 ta Hijira da masu bincike ke ambatawa a matsayin mafi daɗewar shaidar wannan rubutu. Yadda kakanninmu suka yi wa baƙaƙen kwaskwarima don su ɗauki sautin Hausa, haka su ma suka yi. Harafin ث, wanda mu muka ba aikin ca, su sun ba shi sautin x. Jim ya ɗauki zh. Tanwini yana nuna gaɓar da ta ƙare da hanci. Karin sauti kuwa ba sa rubuta shi, kamar yadda mu ma ba mu rubutawa, mai harshe ya san abinsa. Dattijon ya ce matasa sun rage koyonsa, pinyin ya wadatar da su.

Wannan ya tuna mini da wani abu da ya tsaya mini a rai tun Guangzhou. Ƙamusoshin wayar nan da Turanci suke bayani, kuma furucin da suke bayarwa da boko ne mai ƙa'idar da ba tamu ba. Alhaji da ire-irensa, waɗanda su ne suka fi kowa zirga-zirga tsakanin Kano da Sin, da yawansu Turancinsu na ciniki ne, amma ka ba su rubutun Larabci mai wasali su karanta ba gargada. Sinawa sun buɗe sashen Hausa a gidan rediyonsu tun 1963, suna koyar da Hausa a jami'a a Beijing. Ta ɓangarenmu kuwa ɗan kasuwa yana juya miliyoyi da mutanen da ba zai iya kiran sunansu daidai ba. Abin yana damuna, domin ba basira muka rasa ba, kayan aiki ne ba a yi da mu a zuci ba.

A jirgin komawa kudu na fito da littafin aljihu. Duk kalmar da na san Alhaji zai buƙata sai in neme ta a ƙamus, in saurari muryar har ta zauna mini, in rubuta ta da ajami irin namu, ba irin na dattijon Linxia ba. Inda pinyin ya sa q na sa ca, inda ya sa x na sa shin, inda ya sa zh na sa jim. A kan kowace gaɓa na ɗora lambar karinta, 1 zuwa 4, a gefe kuma ma'anarta da Hausa. Lambobi, launukan yadi, awo, yau da gobe da jibi, da 'yan tambayoyi.

Na tarar da shi a masauki ransa a ɓace, mai kaya yana ta ja masa rai, tafinta kuma ya yi tafiya. Na miƙa masa littafin. Ya sa tabarau ya bi layin farko da yatsa, ya karanta a fili, na kunna masa muryar waya ya gwada da nasa, ya gyara gaɓa ɗaya. Ya sake karantawa. Daga nan ya ɗauki wayarsa ya kira mutumin.

"Laoban," ya ce, wato mai gida, "shenme shihou fa huo?" Yaushe za a tura kaya?

Aka ɗan yi jim a can ɓangaren, sai dariya, sai magana mai yawa da sauri, a ƙarshenta kalma ɗaya da aka maimaita sau biyu a hankali. Alhaji ya sauke yatsa a kan shafin yana nema, ya tsaya a layi na uku.

"Houtian," ya ce da ni. "Jibi ke nan, Malam. Gobe da safe sai mu je wurin masu kwantena."